Bencin Mai Wanki

Duk lokacin da ɗalibai suka dawo daga hutu suka cika unguwar Fallowfield ta nan Manchester, ba na rasa baƙi a shago. Yaro zai sayo kabad a cikin kwali, ya zauna ya ɗaure ta da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake sakowa a leda, ta tsaya masa, sai ya shigo wurina aron guduma yana cewa, "Baba Ishaya, ashe carpentry ɗin nan easy ne." Ni kuwa sai in miƙa masa gudumar in ce Allah ya ba da sa'a. Kafin sanyi ya kankama ƙofar kabad ɗin ta biyo hannunsa. To ku da kuke ganin aikin katako bai wuce ɗaure sukuru ba, ku matso ku ji, don na gaji da maimaita wa mutum ɗaya-ɗaya.

Ba a Ingila na fara riƙe zarto ba. A Kafanchan na tashi, mahaifina masassaƙi ne, da gizago ɗaya yake fitar da turmi da taɓarya da kujerun mata. Ni na ɗauki hanyar kafintoci, na yi rufin kwano, na yi ƙofofi, na yi gadajen amare masu madubi a kai. Da matata Lami ta sami aikin jinya a Manchester na biyo ta, na haura arba'in, ina ji da kaina, ina ganin babu wanda zai koya mini katako a duniya.

Aikina na farko a shagon Mista Harold kujera ce ta wani gidan abinci na Wilmslow Road, ƙafarta ɗaya tana girgiɗi. Shagon yana wani lungu a Rusholme, inda ƙarar bas ba ta yankewa, shi kuwa Harold tsoho ne siriri mai fensir a bayan kunne, ba ya magana sai ta zama dole. Na ɗauki ƙusa na saita, na ɗaga guduma. Ya tako a hankali ya zare ƙusar daga hannuna ya jefa a aljihun rigarsa, yadda uwa take karɓe reza a hannun jariri. Ya sa na wargaza kujerar gaba ɗaya da gudumar katako, na kankare tsohon gam daga kowane rami, na sake haɗa ta, na ɗaure da ƙarfen matsewa. Da muka gama ya ce, "Ƙusa tana riƙewa yau, ta fasa gobe." Ranar na koma gida na gaya wa Lami cewa Baturen nan ba shi da aikin yi, ta ce ai ni ne ba ni da shi, in koma.

Na koma. Wata da watanni ba abin da ya bar ni in yi sai wasa cizal, ƙarfen nan da ake fafe rami da shi, da tsaron tukunyar gam. Tukunyar nan ita ce jarabawata. Gam ne na fatar dabba da ake narkawa a wuta, warinsa kamar an manta ganda a kan murhu ta kama, in ka shiga bas bayan aiki sai ka ga mutane suna ba ka wuri. Samfefa kuwa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako da ita, a aljihun teburinsa take, a kulle. Ya ce wanda ya fara da samfefa ya riga ya yanke shawarar ba zai saurari katakon ba. A gida mun saba, in ka girmama abu sai ka mai da shi sabo, ka shafe shi da fenti ya yi ƙyalli. Su kuma a nan, tsufan abu shi ne darajarsa, tabon da ke jikinsa ma ba su yarda ka taɓa ba. Na daɗe kafin wannan ya shiga kaina.

Mutanen da suke kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai masu gidajen haya na Fallowfield, waɗanda suke son ka gyara gadon da ɗalibai suka karya amma kada ka taɓa ƙofar da ta fi gadon lalacewa. Akwai masu gidajen abinci, kujerunsu kullum a shago, kowace ƙafa da tabon miya. Akwai wani Malam Sani daga Kano da ya zo karatun digiri na uku, ya shigo yana fama da Turanci yana kwatanta ɗan teburi gajere da iyalinsa za su ci abinci a zaune a ƙasa. Na bar shi ya yi ta kwatance da hannu har ya gaji, sannan na ce, "Malam, faɗi da Hausa mana." Dariyar da ya yi har Harold sai da ya leƙo. Daga baya na yi masa abin ɗora Alƙur'ani, shi kuma duk Sallah sai ya aiko mana da nama. Amma abin da ya riƙe shagon shi ne aikin hukuma da na majami'u: kantocin ɗakunan karatu, teburan gidajen matasa, dogayen bencinan coci.

Sai Harold ya yi ritaya ya koma bakin teku wurin 'yarsa, ya bar mini shago da tukunya da makullin samfefa. Ban gama murna ba gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ɗakunan karatu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, gidajen matasa aka sa musu kwaɗo. Ƙananan majami'u ma suka bi, mutane sun tsufa, rufi yana yoyo, babu mai ɗaukar nauyi. Bencinan da na gyara da hannuna, ni aka riƙa kira in kwance su in yanka biyu, a kai gidajen giya a zauna a kai. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a shekarar nan miya ta ƙare ƙaf. Nakan share shago da safe, in sake sharewa da rana, alhali babu ko garin katako a ƙasa.

A cikin wannan hali Yaya Rifkatu ta kira ni. Yayar Lami ce, tana zaune a Handsworth ta Birmingham, mace ce mai jiki da murya, ita ce shugabar matan zumunta a cocinsu.

"Ishaya, kana da aiki wannan weekend ɗin?"

"Yaya, tun Litinin ko ƙuda bai shigo shagon ba."

"To ka ɗauko van ɗinka ka zo. Akwai wani benci."

Cocin ƙarami ne, na 'yan Methodist, an gina shi da jan bulo a tsakanin jerin gidaje. Masu zuwa yawanci mutanen Jamaika ne da na Ghana da namu, sai 'yan tsirarun tsofaffin Turawa. Yaya ta kai ni wani ɗaki na baya ta yaye zane. Bencin bai kai gwiwata ba, tsawonsa bai fi hannu biyu ba, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ƙwaron katako ya huda ƙafafunsa kamar rariya. Na ɗora tafin hannu na danna, ya karkata ya buga ƙasa.

Ta ba ni labarinsa yadda ta ji. Tun farkon 'yan Methodist, kafin su sami gine-gine, a gidajen mutane suke taruwa. Wata mata da mijinta ya rasu, wadda take wanke wa mutane tufafi ta ci abinci, ta buɗe tsakar gidanta tana tara mata da yara, tana koya musu addu'a da karatu. Taron ya girma har aka gina coci. Da aka gina, sai manya suka ce mace ba za ta hau mumbari ba. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta aika gida aka ɗauko bencin da take ɗora bahon wanki a kai, ta ajiye a ƙasan mumbarin, ta hau ta faɗi abin da za ta faɗa. Sunayen mazan suna nan a allon bango har yau, nata kuwa ya ɓace, Mai Wanki kawai ake ce mata. Amma fiye da shekara ɗari biyu, duk inda cocin ya koma da bencin ake tafiya, kuma Lahadi ɗaya a kowace shekara mace takan hau ta yi magana, wata ta durƙusa ta riƙe mata.

"Tun da na zo cocin nan," in ji Yaya, "tsofaffin Turawan nan biyu ne, Mama Edna da ƙawarta Doris. Bana wannan ta hau waccan ta riƙe, baɗi su juya. Mu dai mu yi tafi mu sha tea. Yanzu Doris ta rasu tun Kirsimeti. Dattawa sun ce bencin ya ruɓe, health and safety, in bai gyaru kafin ranar ba museum za a kai shi, al'adar ta ƙare ke nan. Ita kuma Mama ta haura tamanin, ta rantse sai ta hau."

Na ce, "To ke me zai hana ki riƙe mata?"

Ta harare ni. "Wa ya kira ni? Abin kakanninsu ne, in shiga sharo ba shanu? Kai dai ka gyara shi ya tsaya cak, yadda ko babu kowa ba za ta faɗi ba. Kuma kada ta ji, surprise ne."

Na kawo shi Rusholme a naɗe cikin bargo. Ku da kuke cewa easy, ga abin da na yi. Na fara da kashe ƙwaron. Na roƙi Lami sirinji, na riƙa bin ramukan nan ɗaya-ɗaya ina ɗura musu ruwan da yake ƙarfafa katako, in bari ya sha, in dawo washegari, har idona ya riƙa ganin ramuka a jikin tuwo. Sandar da ta haɗa ƙafafun ta ƙasa ta zama gari, sai na fitar da wata daga guntun tsohon bencin coci da na ɓoye lokacin da nake yanke-yanken nan, na fafe mata rami da cizal ta shiga ba ƙusa ko ɗaya. Saman kuwa ban kai masa samfefa ba, ƙyalle da ɗan kakin zuma kawai ya gani.

Sai na zo kan ƙafar da ta gaza. Na ɗauka cinyewa ta yi, amma da na kifa bencin na duba sai na ga sawun zarto, tsoho, a miƙe. Wani ne ya rage mata kamar faɗin yatsa biyu. Na kira Harold a waya.

"Maigida, da gangan aka yanke ta."

"Don me?"

"Ban sani ba."

"Ka tambayi mai shi."

"Mai shi ta mutu tun kafin a haifi kakan kakana."

Ina jin tsuntsayen teku a bayansa. Sannan ya ce, "To duk abin da za ka ƙara, ka ƙara shi yadda wani zai iya cirewa."

Shi ya sa ban taɓa gam ɗin kwalba ba, wanda in ya kama ya kama har abada. Na hura wa tukunyar nan mai wari wuta, don gam ɗin fata yana da kunya, in ka roƙe shi da ruwan zafi yakan saki. Na yanka ɗan guntu na manna a ƙasan ƙafar, na yi masa launi har ni kaina sai na lalubo. Da ya bushe na hau, na yi tsalle, na taka rawar da ban taka ba tun bikinmu da Lami. Ko motsi bai yi ba.

Ranar Lahadin muka isa da wuri. Matan zumunta sun sha anko, ɗaurin kan Yaya Rifkatu sai da ta sunkuya kafin ta shiga ƙofar ɗakin baya. Muka ajiye bencin a ƙasan mumbari. Mama Edna ta shigo tana dogara sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa da hula mai fure, ta nufi bencin kai tsaye. Ta ɗora hannu ta danna. Ta sake dannawa ta ɗaya gefen.

"Wa ya taɓa shi?"

Yaya ta matso tana murmushi har kunne. "Mu ne, Mama. Ga mijin ƙanwata, kafinta ne daga Manchester. Yanzu ba kya buƙatar kowa, ba zai motsa ba."

Tsohuwar ta nemi dogon bencin jama'a na gaba ta zauna. Murmushin Yaya ya fara neman wurin zuwa. Sannan ta yi mana bayani, ba faɗa, ba ɗaga murya. Tsakar gidan Mai Wanki gangare ne zuwa kwata, shi ya sa aka rage ƙafar don baho ya zauna daidai. Da aka kawo bencin cikin coci inda ƙasa take a shimfiɗe, tana hawa ya karkata, sai ta kira sunan maƙwabciyarta ta zo ta riƙe. Da shekara ta zagayo, maƙwabciyar ce ta hau. Tun daga nan haka ake yi: wadda take sama ita take kiran suna, ba ta gaya wa kowa kafin ranar, kuma wadda ta riƙe bana ita za ta hau baɗi.

"Ni da Doris mun yi ta kiran juna," in ji ta, "don muna ganin ku kuna da waƙoƙinku da gangunanku, me za ku yi da wasan tsofaffi? Kunya muka ji. Tun ranar da aka binne ta nake riƙe da suna ɗaya a bakina. Yanzu in bencin ba ya rawa, in kira shi in ce me?"

Yaya Rifkatu ta juyo ta dube ni kamar ni kaɗai na ƙulla abin. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, mun so mu kare tsohuwa daga faɗuwa, mun toshe mata ƙofar da za ta miƙa amana. Mutane sun fara shigowa, mai kaɗa piyanon coci ya fara gwada maɓallansa. Na ce, "Mama, a ba ni buta da tawul."

Na rungumi bencin na yi kicin. Wata 'yar Jamaika da take jera kofuna ta tafasa mini ruwa ba tare da ta tambayi dalili ba, ta kuma ara mini wuƙar shafa bota. Na naɗe ƙasan ƙafar da tawul mai zafi, na jira, na sake jiƙawa, ina jin sun gama waƙar farko sun shiga ta biyu. Gumi ya jiƙa mini rigar coci. Na sa bakin wuƙa na ɗan taɓa, sai guntun ya zame ya faɗo a tafin hannuna, warin ganda ya cika kicin ɗin. Ɗaya daga cikin dattawan nan masu maganar health and safety ya tare ni a ƙofa, na ce masa rawa daban, ruɓewa daban, bencin nan zai ɗauki bijimin sa. Ya hau da kansa yana dafe da bango, ya sauko ya ce shi bai ga komai ba.

Da lokaci ya yi, Mama Edna ta ba ni sandarta, ta dafa kafaɗata ta hau. Bencin ya karkata ya buga ƙasa, ta yi tangaɗi, cocin ya ɗauke numfashi. Ta dubi jama'a. Duk shekarun nan Rebeka suke ce wa Yaya, don ya fi musu sauƙi. Amma tsohuwar nan ta buɗe baki ta ce, "Rifkatu," tiryan-tiryan, kamar a Kagoro aka haife ta. Daga baya muka ji wata yarinya ta sa ta yi ta koya mata.

Yaya ta tashi. Matar da muryarta take cika coci ba lasifika, ta zo ta durƙusa da ankonta da ɗaurin kanta, ta kama ƙafafun bencin da hannu biyu, hawaye yana ɗiga a kan katakon da na sha wahalar gogewa. Abin da Mama Edna ta faɗa a sama ban riƙe ba, gaskiya, ƙafar nake kallo. Na dai san ban taɓa jin daɗin ɓata aikina kamar ranar ba.

Shekarar da ta biyo Yaya ba ta bar ni na huta ba. Aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, ina tsaka da yanka sai waya.

"Ishaya, ka tabbata zai ɗauke ni? Ni fa ba size ɗin Mama ba ce."

"Yaya, zai ɗauke ki."

"In na faɗi a gaban mutane, kai da Lami ku nemi wata yayar."

Ta rage cin tuwo, ta rubuta jawabinta ta yage ta sake, ta zaɓi sunan da za ta kira ta ɓoye shi ko Lami ba ta gaya wa ba.

Ranar ta zo. Mama Edna yanzu a keken marasa lafiya take, ƙafa ta ƙi, aka ce ni in tura ta gaba in tsaya a bayanta. Cocin ya cika har da mutanen da suka zo daga Manchester don su ga ko za a kwashi Yaya a ƙasa. Ta cire takalmi ta ajiye gefe, don ta ce ba za ta taka bencin babbar mace da takalmi ba. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu. Bencin ya yi abin da ya saba. Sunan da ta yi shekara tana ɓoyo ya tashi daga kanta fir, ta baza hannuwa ta kurma ihu da Hausa tsantsa:

"Wayyo, ku riƙe ni!"

Matan zumunta suka zabura. Ba su kaɗai ba, 'yar Jamaikan nan ta kicin da ba ta jin ko "sannu" ta riga kowa isa, wata 'yar Ghana ta biyo ta, da wata budurwa 'yar gidan su Yaya da Turancin Birmingham ya cinye wa harshe. Kowacce ta durƙusa ta kama inda hannunta ya samu, ɗankwali yana gugar hula, bencin ya ɓace a tsakaninsu. Cocin ya kwashe da dariya. Yaya ta tsaya a sama tana haki, ta dubi Mama Edna a tsorace, don ta san mutum ɗaya ake kira.

Tsohuwar ba ta dube ta ba. Ta ɗaga yatsa tana nuna matan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Duk wadda ta riƙe sai ta hau," ta ce mini a hankali. "Haka dokar take." Ta sake ƙirgawa don ta tabbata. "Bakwai. Ja ni baya kaɗan, ɗana, mu ba su wuri."